Ranar da Zuma Ta Sauka Kan Gidan Sauron Afra'u

A duk garin Fammar babu wanda ya san sunan shukar nan na gaskiya sai Murtala, yayan Ramlatu, direban da ke ɗauko dankalin Turawa daga Jos. Shi ma da ƙyar harshensa ke juya sunan. Ya ce masu sayar da furanni a bakin titi can suna ce mata jeraniyom. Inna Jumai, surukar Ramlatu, ta ce ita kam ba za ta karya harshenta a kan ganye ba, ta raɗa masa Ɗan Jos, sunan kuwa ya bi shi.

Ɗan Jos yana zaune ne cikin wani hudadden bokiti a gindin randa, inda inuwa ba ta yankewa, domin ranar ƙasar Kibiya ba ta ragawa baƙo. Ganyensa kamar na kuɓewa ne, sai dai ƙanana, da ɗan gashi mai laushi. In ba ka taɓa shi ba, ba ruwansa da kai. Da ka murza, sai ƙamshi ya tashi, wani abu tsakanin turaren wardi da ɓawon lemon tsami, ya kama maka yatsu har la'asar. Ramlatu takan jefa ganye guda a shayin mijinta Maharazu. Takan busar da wasu ta cusa a akwatin kaya. Da ta haihu ma sai da ta haɗa shi da darbejiya a ruwan wankan jego, abin da Inna ta kira iyayi tsantsa. Tun ranar da aka kawo shi take jin ƙamshin nan yana tuna mata da gidan iyayenta na garin Saji, amma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta dalili ba.

Babban aikin Ɗan Jos a wurinta shi ne korar sauro. Da sauro kuwa Ramlatu ba ta wasa.

Ɗanta na fari, Khalid, zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke shi yana cikin rarrafe. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ranar da aka fita da shi a naɗe cikin tabarma ta zauna a ƙuryar ɗaki idonta a bushe, kamar yadda aka tarar ana yi. Mata suka yi ta yaba mata, wai 'yar gidan mutunci ce, ta san kunya. Yabon nan ya zauna mata a ƙirji kamar dutsen niƙa, bai kuma tashi ba. Shi ya sa da Allah ya kawo Afra'u, ta sa Maharazu ya sayo mata ɗan gidan sauron nan na jarirai mai buɗewa kamar lema a kasuwar Rano, kullum kuma sai ta murje ganyen Ɗan Jos ta goga a jikin ragar.

Ran nan da kaka, ana tsinkar gyaɗa, ta tashi ta ga ɗan jan tabo a goshin yarinyar. Cizon sauro ne. Maimakon ganye biyun da ta saba, sai ta ciko hannu, ta murje, ta bi ragar ciki da waje tana gogawa har farin yadin ya koma kore-kore. Ta duba 'yar hudar da ta taɓa ɗinkewa a gefe, ta ga zaren ya ɗan saki, ta ce in ta gama aiki za ta gyara. Ta ba Afra'u nono, ta kwantar da ita a tabarma gindin mangwaron tsakar gida, ta kifa mata gidan sauron.

"Wannan ƙamshi har zaure," in ji Inna Jumai, tana jawo tarin gyaɗa gabanta. "'Yar nan, jaririya kike reno ko amarya?"

Ramlatu ta yi murmushi. Suka duƙufa kan aiki a bakin rumbu, ɗan nesa da bishiyar. Maharazu yana gonar bayan gida yana yi wa wakensa feshi.

Hantsi ya ɗaga lokacin da Ramlatu ta fara jin wani ƙugi. Ta ɗauka injin niƙan unguwa ne aka tayar. Sai ƙarar ta ƙaru, ta kuma zo ta sama. Ta ɗaga kai ta ga wani duhu yana tsallako katanga, yana juyawa a iska. Kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu. Ƙudan zuma ne, gari guda, sun taso ƙaura.

Ta miƙe, gyaɗar cinyarta ta watse. Kafin ta yi taku biyu sun kewaye mangwaron, sun wuce rassansa kamar ba su gani ba, suka fara zuba a kan gidan sauron. Tana kallo farar ragar ta yi ɗigo-ɗigo, ta yi baƙi, ta ɓace. Wasu suka hau kan wasu, suka dunƙule suka yi tudu a saman lemar, tudun yana motsi. Afra'u tana ƙarƙashi tana barci.

Inna Jumai ta buɗe baki za ta kurma ihu. Ramlatu, wadda ko ido ba ta taɓa haɗawa da surukarta ba, ta kai hannu ta toshe mata baki.

"Inna, don Allah," ta ce da raɗa. "Ko tari kada ki yi."

A daidai lokacin ne iska ta kaɗo mata ƙamshin daga hannunta, abin da ta daɗe ba ta gane ba ya faɗo mata gaba ɗaya. Mahaifinta, marigayi Malam Ishiyaku na Saji, mai amya ne. In zai ɗora sabuwar amya a kan ɗorawa, sai ya je gindin duwatsu ya tsinko wata ciyawa mai ƙamshin lemo, ya goge cikin amyar da ita da kakin zuma, don ƙudan da ke neman gida su jiyo su shigo. Hannunsa kullum wannan ƙamshin yake yi. Shi ne ƙamshin gidansu da take ji a jikin Ɗan Jos. Da hannunta ta turara wa zuma gida, ta kwantar da 'yarta a ciki.

Ta dafa rumbu, tana maimaita Innalillahi a zuci. Daga inda take tana hango ƙasan ragar, wurin da ƙudan ba su rufe ba tukuna. Ga 'yar ƙafar Afra'u da zaren wuri a idon sawu. Ga kuma saman lemar ya fara lotsawa ciki saboda nauyi. Wayoyin da ke riƙe da ita siraran banza ne. Tsakanin ragar da fuskar yarinyar bai fi tafin hannu ba.

Wata maƙwabciya da ta hango tashin ƙudan ta leƙo ta kan katanga, ta ga abin da ke nan, ta dafe kai. Nan da nan kawuna suka jeru. Wata ta ce a kawo wuta da kara, wata ta ce a watsa ruwan zafi, wata ta ce a figo tabarmar da gudu. Mutane dai ba sa rasa shawara in ba ɗansu ne a ciki ba. Inna Jumai ta ɗaga musu hannu da wata irin harara, suka yi tsit.

Sai ga Maharazu ya faɗo gidan a guje, famfon feshi a bayansa, yana buga hannun famfon tun daga zaure. Idonsa ya yi ja. Ya nufi mangwaron kai tsaye, bakin bututun yana ɗiga.

"Ku kauce! Yanzu zan zubar da su!"

Ramlatu ta sha gabansa. Ta san maganin nan. Kafin ya kashe guda ɗari, dubu sun haukace, abin da ya sauka ta ragar kuma a hancin jaririya zai sauka.

"Malam, tsaya."

Bai ko ji ba. Ya sa kafaɗa zai ture ta.

"Maharazu."

Ya tsaya cak. Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, balle a gaban mahaifiyarsa. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ya ji shi har ƙashinsa.

"In ka fesa, mun rasa ta," ta ce. "Ka fita da abin nan waje. Ka cire rigar, ka wanke hannu da fuska, warin maganin kaɗai zai tayar da su. Sannan ka ɗauko min babbar tukunyar nan ta bayan madafi, wadda ba a girki da ita. Kada ka yi gudu."

Ya dube ta, ya dubi baƙin tudun da ke numfashi a kan 'yarsa. Ya juya ya fita, yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Ta shiga ɗaki. A ƙasan akwatinta akwai wani dunƙulen kaki da ya rage na mahaifinta, wanda take goga wa zare in za ta yi ɗinki. Ta ɗauko. Ta zo gindin randa ta durƙusa gaban Ɗan Jos. Shukar da take ƙirga wa ganye, wadda ta hana akuya da yara da rana, ta kama ta da hannu biyu ta zage ganyenta tas, har da ɗanyen reshe. Dole ƙamshin tukunyar ya fi na ragar. Maharazu ya kawo tukunyar, ƙirjinsa tsirara yana ɗigar ruwa. Ta zuba ganyen a ciki, ta murje shi da kakin, ta bi cikin tukunyar da bakinta tana gogawa da dukkan ƙarfinta har fatar yatsunta ta yi zafi. Sauran ruwan ganyen ta shafe hannuwanta da shi zuwa gwiwar hannu.

Tana yarinya ta taɓa ganin zuma ta sauka a jikin rumbunsu. Babanta ya hana kowa motsi, ya ce mata waɗanda suka taso ƙaura cikinsu cike yake, ba su da gida ba su da 'ya'yan da za su kare, ba sa harbi sai an matse su ko an firgita su. Ya riƙa kwasarsu da hannu yana zubawa a amya. Ya ce uwarsu tana tsakiya, in ta shiga, sauran ba sai an roƙe su ba. Sau ɗaya ta gani, daga bayan ƙofa, kuma a jikin rumbu babu jaririya.

Suka matsa a hankali. Ƙugin ya cika mata kunne, tana jin sa har a haƙoranta. Ta nuna wa Maharazu ya durƙusa ya kwantar da tukunyar a kan gwiwarsa, bakinta yana shafar gefen tudun. Ƙudan suka sauka a wuyansa da gashin ƙirjinsa suna yawo. Ya runtse ido.

"Kada ka kaɗe," ta ce. "Ko sun harbe ka."

Ta yi bisimilla ta tura hannu. Da ɗumi, abin da ba ta zata ba, kamar ka sa hannu cikin dusar da ta sha rana. Ƙananan ƙafafu suka kama yatsunta. Ta ɗago a hankali, hannunta ya yi nauyi, ta kai bakin tukunyar ta girgiza kaɗan. Suka zube ciki. Wasu suka fito, suka tsaya a baki suna kaɗa fukafukai. Ta koma ta sake ɗebowa.

A ɗiba na gaba ta matse ɗaya a tsakanin yatsu ba ta sani ba. Zafin ya ratsa ta har kafaɗa. Ta cije leɓe, hannun bai ko girgiza ba. Wani ya ƙara mata a wuyan hannu. Ta ci gaba.

Sai ɗaya daga wayoyin lemar ta yi ƙara, ƙas, ta lanƙwashe. Ragar ta sauko. Ta ƙasa Ramlatu ta hango yadin yana shafar gashin kan Afra'u. Yarinyar ta motsa, ta yamutsa fuska, ta ɗaga 'yan hannuwanta. Ramlatu ta san wannan yamutsin. Kuka ne ke tafe, in ya zo kuma da shure-shure zai zo, ƙafa ɗaya ta daki ragar nan an gama.

Hannuwanta biyu cike suke da ƙudan zuma. Ba ta da na uku. Ta ɗaga ido tana neman taimako, sai ta ga Inna Jumai ta riga ta kwanta rub da ciki a ƙasa. Tsohuwar da ke kukan gwiwa kullum ta jawo jiki a kan turɓaya har bakin tabarmar, ta zura hannu ta ƙarƙashin ragar, ta tura ɗan yatsanta a bakin jaririyar. Afra'u ta kama ta hau tsotsa. Da ɗaya hannun Inna ta tokare wayar da ta lanƙwashe daga ciki. Ƙudan zuma suna yawo a kan ɗankwalinta da kunnenta, bakinta yana motsi da salati, ba sauti.

"Yi sauri a hankali, 'yar nan," ta ce. "Ba za ta daɗe ba za ta gane ba nono ba ne."

Ramlatu ta ɗiba, ta zuba, ta ɗiba. Gumi yana shiga mata ido ba halin sharewa. Tudun ya ragu amma waɗanda take zubawa suna fitowa suna komawa kan ragar. Uwar ba ta shiga ba. Ta fara jin tsoron ko ƙamshin ragar ne ya fi, ko kuwa abin da ta gani tana yarinya ba haka yake ba. Yatsunta sun fara kumbura, ba sa lanƙwasuwa sosai. Ta tura hannu can tsakiya, inda dunƙulen ya fi tauri da zafi, daidai saman fuskar 'yarta, ta yanko shi gaba ɗaya.

A kan tafinta ta ga uwar. Ta fi sauran tsawo, cikinta ja-ja, tana kutsawa ƙarƙashin 'yan'uwanta tana gudun haske. Ramlatu ta riƙe numfashi, ta kai hannun can cikin tukunyar, ta jingina shi da bango ta jira, har ta ji nauyin ya sauka daga yatsunta.

Da farko ba abin da ya sauya. Sannan ƙugin ya canza murya, ya yi ƙasa. Waɗanda ke bakin tukunyar suka ɗaga gindi suna fifita. Sai na kan ragar suka juya gaba ɗaya suka fuskanci tukunyar, suka fara tafiya a ƙasa, layi-layi, suna bi ta kan hannun Maharazu suna shiga. Farin yadi ya fara bayyana. Lemar ta ɗan ɗago.

Afra'u ta tofar da yatsan Inna.

A nan Ramlatu ta ga guda ɗaya a ciki. Ta hudar nan da ta ce za ta gyara ya shiga. Yana tafe a kan kumatun yarinyar, ya nufi gefen bakinta inda nono ya bushe. Afra'u ta ja numfashin kuka, fuskarta ta yi ja.

Ba ta jira sauran su gama sauka ba. Ta ɗaga gefen lemar da hannu ɗaya, ta kai ɗayan ta ɗora kumburarren yatsanta a kan kumatun, a gaban ƙudan. Ya tsaya, ya shinshina ƙamshin ganyen, ya hau. Tana janye hannun kukan ya fashe, ƙafafu suka hau shuri, ƙudan ya soka mata harbi a ƙarƙashin farce. Inna ta fizgo yarinyar ta ƙasa, ta rufe ta da jikinta, ta ja da baya da gwiwoyi har bakin ɗaki.

Maharazu ya zauna da tukunyar har na ƙarshe suka shige. Ramlatu ta yafa mata tsohon zane, ya ɗauke ta a hankali ya fita da ita can bayan gari. Sai a lokacin matan kan katanga suka sami bakin salati.

A ɗaki suka tuɓe Afra'u, suka duba ta tun daga tsakar kai har tafin ƙafa, bayan kunne, hammata, matsematsi. Babu harbi ko ɗaya. Tabon sauron nan na goshi kaɗai ne a jikinta. Tana ta tsala kukan yunwa, ranta a ɓace, ba ta san an yi komai ba.

Ramlatu ta miƙa hannu za ta karɓe ta, hannuwan suka ƙi. Sun kumbura sun yi suntum, yatsun sun ƙi haɗuwa. Inna Jumai ce ta zaunar da ita a bakin gado, ta ɗora mata yarinyar a cinya, ta gyara mata riga, ta tallafe kan har ta kama. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta kama hannun Ramlatu tana kankare ƙayoyin harbin da farce, ɗaya bayan ɗaya. Kunnen tsohuwar ma ya kumbura, ba ta ko taɓa shi ba.

Ta ƙofa Ramlatu tana hango bokitin a gindin randa, ba komai a ciki sai ɗan kututture kore. Ta zauna ƙyam, idonta a bushe, haƙoranta a cije, irin zaman da ta yi a wannan ƙuryar ranar da aka fita da tabarma. Inna ta ɗago ta dube ta. Ta san zaman, domin tana cikin waɗanda suka yaba shi.

Ta tashi ta saki labulen ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ita a kan gadon.

"Babu kowa sai ni," ta ce. "Yi kukanki, Ramlatu. Har da na wancan."

Ramlatu ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa.

"Khalid," ta ce.

Daga nan kukan ya ɓalle mata. Inna ta riƙe mata kan jaririyar don kada nonon ya suɓuce.